Ranar da Minista Ya Zo Ceton Gida

Tun da sassafe Maman 'Yan Biyu take goge tayil ɗin falo, har ya fara ɗaukar ido. Yau Minista zai zo da 'yan jarida ya ƙaddamar da shirin gwamnati na kare masu bashin gida: duk wanda biya ya gagare shi, banki ba zai ƙara watso masa kaya titi ba. Da gidan nan za a fara.

Ita kuwa gidan nan shi ne ranta. Da keken ɗinki ta yi shekaru tana biyan banki, har ciwo ya kwantar da maigidanta, biya ya tsaya cik. Ta san famfon da sai an lallaɓa shi yake kawo ruwa, ta san tagar da ba ta rufuwa sai da duka.

Jami'in shirin, wani mai tumbi da ya yi wanka da turare, ya shigo yana ta ba da umarni. Ya sa aka kwashe kujeru, wai sun yi kyau da yawa, aka shimfiɗa tabarma. Ya ce ta cire ɗankunne. Yaran kuma su tsaya bayanta, ban da dariya, ban da taɓa bango.

"Mama, in ya kalle ki sai ki yi kuka," in ji shi. "Amma kaɗan, jawabinsa dogo ne."

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta gaishe su da fara'a, suka amsa suna kallon ƙasa.

Sai da rana ta take Minista ya iso. Ya yi jawabi har masu tafi suka gaji, sannan ya nuna ta ya ce muddin yana kan kujerarsa, ba mai raba baiwar Allah nan da gidan nan. Ta dubi bangon da ta yi wa fenti da hannunta, kuka ya ƙwace mata, na gaske, wanda ba a tsara ba. Har mai kyamara sai da ya share ido.

Da motoci suka tafi, ta matsa kusa da jami'in.

"Ranka ya daɗe, maganar da Minista ya yi fa?"

Ya yaba mata ƙwarai, ya ce ya san ba wadda za ta iya kukan nan kamarta. Sai dai shirin na waɗanda ke zaune cikin gidajensu ne. Ya cusa mata na mota a hannu, ya roƙe ta su hanzarta, iyalinsa sun kusa dawowa.

Ta ja yaranta suka nufi ɗakin hayar da suke ciki tun watan jiya, lokacin da banki ya yi gwanjon gidan, jami'in ya saya.