Saiwar da Babu Zare

Auta ta ɗago kai daga madubin ƙara girma, ta murza ido, ta sake dubawa. Saiwar masarar da ta ciro daga gona fes take, ko zare ɗaya babu.

Zare ya kamata ta gani. A ɗakin binciken da take aiki, duk masarar da ta shuka a tukwane da ƙasar gonar babanta, saiwarta cike take da siraran zaruruwan wata funfuna mai zama cikin ƙasa. Funfunar kan manne wa saiwa, ta jawo mata abinci, ta rage gubar da ke hawa cikin tsiro. A tukunya masara ta yi kore shar. A gonar kanta kuwa, bara ba a ga komai ba, bana ma ga shi shukar farko ta tashi a banza.

Gubar asenik ce. Ruwan wani tsohon ramin haƙar ma'adinai ne ya malalo da ita cikin gonar, tun daga nan masarar Baba take tsayawa iya gwiwa, ganye ya yi rawaya, zangarniya ta fito kamar babban yatsa. Wani mai buga bulo ya taya gonar, don shi ƙasa yake so, ba ruwansa da abin da ke cikinta. Yayan Auta ya ce a sayar. Baba ya ce a ba yarinya daminar bana, in ba ta yi ba, ya yarda.

"Farfesa, ina koren da aka yi mana alkawari?" in ji Yaya, yana jingine da ƙofar ɗakin ajiya. "Ko a waya za ki nuna mana mu ƙoshi?"

Da shi ta ɓata yawunta tun farko, ta zana masa saiwa da zare a ƙasa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya sa ba ta tsaya yi wa Baba dogon bayani ba. Ta dai miƙa masa buhun baƙin garin da ke ɗauke da funfunar ta ce taki ne na zamani, a cuɗa shi da iri kafin a shuka. Baba bai tambayi komai ba. Shi kaɗai ne a gidan bai taɓa yi mata dariya ba, kuma shi ke cuɗa irin da kansa, domin a cewarsa hannun da bai san iri ba ɓata shi yake yi.

Ta bi komai ɗaya bayan ɗaya. Ta auna ruwan rijiya. Ta auna zafin ƙasa da tsakar rana. Ta ɗebi garin daga buhun da ke gida ta kai wurin aiki ta gwada, ko ya mutu a hanya. Zare ya fito kamar an yi saƙa. Ta wanke robar cuɗa iri da hannunta, ruwan ya fito ja-ja-ja, ta tsine wa jar ƙasar tsakar gida da ke shiga ko'ina. Shugabanta a wurin aiki ya ɗaga kafaɗa ya ce gona ba tukunya ba ce, ta haƙura ta rubuta abin da ta gani.

Amma funfunar nan ta sha gubar a tukunya ta rayu. Me zai hana ta rayu a inda aka ɗebo ƙasar? Wani abu ne ke kashe ta tsakanin buhu da rami. Ko wani.

Ranar da ta hango Yaya a bakin gona shi da mai bulo suna nuna iyaka da hannu, sai komai ya zauna mata daidai. Yana da makullin ɗakin ajiya. Ya san abin da ke cikin buhun, ita da kanta ta faɗa masa.

"Me kake zuba wa garina?"

"Ni? Ke dai karatu ya fara taɓa miki kai."

"Gonar ubanmu ce, Yaya. Ko kunya ba ka ji?"

"Kunya? 'Ya'yana ne ke cin abin da ke fitowa daga gonar nan, ba naki ba."

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce, amma ba ta sassauta ba. Garin da ya rage bai wuce na shuka ɗaya ba, damina kuma ta yi nisa; in wannan ta faɗi, an gama. Ta kwashe buhun da irin daga ɗakin ajiya, ta kai ɗakin Baba, ta tura ƙarƙashin gadonsa. Ta ce kada ya bar kowa ya taɓa, kowa. Baba ya ce ta bar masa.

Da safe ta zo da fartanya a kafaɗa, ta tarar har ya gama. Yana zaune a kan tabarma, robar a tsakanin ƙafafunsa, duk garin ya shige cikin iri. A gefe ga wata 'yar takardar leda da aka yage bakinta. Yana kakkaɓe tafin hannunsa, jar hoda na tashi.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri.

"Maganin iri ne, Auta, tun bara nake sa miki ban faɗa ba. Wannan karon har ninka shi na yi. Duk wata funfunar da ta kusanci irin nan naki, kafin ta taɓa shi ta mutu."