Ranar da na buɗe kyamarar Baba

Ina 'yar shekara bakwai, Baba ya dawo daga garin Darki da la'asar, ya ajiye kyamararsa a tabarma ya tafi alwala. Ranar ce Kaka ta yarda ya ɗauki hotonta, bayan shekaru tana ƙi. Ni kuwa so nake in gan ta a cikin kyamarar, sai na ɓalle murfin bayanta. Babu Kaka, sai zaren fim na ɗaukar hoto mai warin magani.

Inuwar Baba ta rufe ni.

"Kin buɗe?" ya ce a hankali. "To, haske ya cinye ta."

Na rushe da kuka, na zaci Kaka na kashe.

Ashe hoton ne haske ya lalata. Kaka ba ta sake yarda a ɗauke ta ba har ta rasu. Yau hoto ne sana'ata, amma fuskarta ta fara ɓace mini.