Iyakarmu Gadar Ƙofar Nasarawa

Tun da masu bincike suka gano cewa rabin rayuwar Kanawa a hanyar aiki take ƙarewa, sai aka kafa doka: kowa ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi wurin aikinsa. Titi ya huta, haya ta yi sauƙi. Sai dai Barira a asibitin Bompai take aikin jinya, mijinta Isyaku kuwa shi ne babban makaniken wata masaƙa a Sharaɗa, don haka kowa aka ba shi ɗakinsa.

Ranar Juma'a, bayan ta tashi aiki, ta ja ƙafa har gadar Ƙofar Nasarawa, iyakar da aka yarje musu, riƙe da kwanon dambu. Tun kafin ta hango Isyaku, na'urar da hukuma ta ɗaura wa kowa a hannu ta soma ɗumi, gargaɗin cewa ta kusa ƙetare iyaka.

"Malam, ka rame," ta ce.

"Ke ma haka. Ya yaran?"

"Autarka ta daina tambayarka."

Ya sunkuyar da kai, bai buɗe kwanon ba. Barira ta gaji da kwana-kwana, ta fito da abin da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Ana neman mai shara a asibitinmu. In ka karɓa, gida ɗaya za a ba mu."

Isyaku ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, duk baƙin mai. Can ya nisa.

"Tsintsiyar, su ke bayarwa, ko in zo da tawa?"