Yatsan Inna

Wayar ta sake ƙin karɓar yatsan Inna. Ɓarzar masara da wanki sun cinye zanen fatar, babu abin da ya rage da waya za ta gane.

Jiya ne ta je karɓo wayarta a shagon caji na Yako, ta tarar samari sun kunna saƙonnin muryar marigayi Baba, suna ta dariyar sunan da yake kiranta da shi. Tun da ta dawo ba ta ci abinci ba. Yau da safe ta ce in kulle mata wayar.

"To mu sa lambobi, Inna."

"Ni ba riƙewa zan yi ba."

Sai ta kamo hannuna, ta yi ta danna babban yatsana a kan gilashin har wayar ta karɓa.

"Inna, jibi fa zan tafi makaranta Kano. Idan kina son jin muryarsa, wa zai buɗe miki?"

Ta goge gilashin da bakin zaninta, ba ta ɗago kai ba.

"Sai ki riƙa zuwa gida," in ji ta.