Launin Furen Sabara

Washegarin sadakar arba'in ɗin matarsa, ɗansa ya ce, "Baba, a sare sabarar nan mana, mu sami wurin ajiye moto," wato babur. Tsohon bai yi musu ba. Da hantsi ya ɗauki adda ya zagaya bayan ɗaki.

Marigayiyar ce ta taho da ita daga garin Bogo, 'yar tsiro a gwangwanin tumatir, ta dasa a gidansu na unguwar Poumpoumré saboda tarin da ya ƙi barinta. Kullum da safe shi ke tsinko sabon toho ya dafa mata. Yawan tsinka ya hana sabarar yin fure, shi ya sa gardamarsu ta ƙi ƙarewa. Ita ta ce furen sabara rawaya ne, ai a cikinta ta yi kiwon awaki. Shi ya ce fari ne, ya taɓa hangowa ta tagar mota a hanyar Maroua. Suka aurar da 'ya'ya, suka ga jikoki, ba wanda ya janye.

Tun da aka kwantar da ita a asibiti, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Yanzu ga sabarar ta cika da fure, zuma na ta kai-komo.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya jingine addar ya gyara murya.

"Na ji, Hajiya, rawaya ne." Ya matsa kusa, ya ƙura ido. "Amma fa da ɗan fari-fari."

Har yau moton a waje yake kwana.