Sunan da Tanimu Ba Ya Faɗa

Tun da aka hana sojojin da ke bakin daga riƙe waya, rundunar ta rataya wa kowane gida a bariki wani ɗan akwati a bango. Da hantsi yake kunna kansa, muryar maigida ta fito. A bakin famfo mata na raɗe-raɗin cewa ko mutum ya kwanta dama, akwatin ba ya fasa magana da muryarsa sai yaƙi ya ƙare.

Balaraba, matar Kofur Tanimu, ba ta ko son jin zancen. Ran nan tana tankaɗe, surukarta Inna Rakiya na zaune kan tabarma, sai akwatin ya yi sallama.

Muryar Tanimu ce sak, har da ɗan tarin nan nasa. Ya gaida Inna, ya yi wa Balaraba sannu da aiki, sannan ya ce, "Ina 'yata Rakiya?"

Rariya ta suɓuce daga hannun Balaraba. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, kuma tun ranar suna bakinsa bai taɓa iya furta shi ba. Ummi yake ce mata.

Yarinyar ta rugo daga ɗaki tana dariya. "Baba, ni ce Ummi fa! Ka manta?"

"Ummina," in ji muryar, ba ko jinkiri. "Wasa nake miki."

Inna Rakiya ta fizgo jikarta, ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Kul," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada kowa ya ƙara koya wa akwatin nan komai."