Akawun "Dawo Gobe"

"Wata huɗu ba amsa! Wannan ai wulaƙanci ne," in ji akawu, yana sake duba wayarsa. Gurbin digiri na biyu ya nema a fannin tsara manufofin gwamnati, haɗe da tallafi. Maƙalarsa ma kan maganin jan ƙafa a ofisoshi ya rubuta ta.

"Ɗana, takardata fa?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Iya, ki dawo gobe."

"Sati shida ina dawowa gobe. Yau ba inda za ni!"

Dole ya ɗaga tulin takardun teburinsa. Can ƙasa sai ga wasiƙar jami'a: an ɗauke shi, karatu kyauta. Wa'adin amsawa ya cika shekaranjiya.

Nan take ya kira jami'ar.

"Ayya, Malam," aka ce, "ka dawo baɗi."